Ɗana ya sa ni kallon wani fim, tun ranar ba mu haɗa ido ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana.

Ɗana ne na fari, shekararsa 17, bana zai rubuta JAMB. Mun rabu da mahaifinsa yana ɗan shekara shida. Na sake aure na tafi da shi da ƙanwarsa, auren bai yi ƙarko ba, shekara uku muka rabu. Yanzu ina gidana na uku, lafiya lau alhamdulillah.

Ranar Asabar maigidan ya yi tafiya, sai yaron ya shigo da kwamfutarsa ya ce in zauna mu kalli wani fim. Ni ba ma'abociyar finafinan Turawa ba ce, ga shi kun san ɗan fari, ko sunansa ba na faɗa balle mu zauna hira. Na dai zauna don kada ya ga na gwale shi. Boyhood sunan fim ɗin, na Amurka, ya kusa awa uku. Labarin wani yaro ne Mason a jihar Texas, tun yana shekara shida har ya kai 18 ya tafi jami'a. Iyayensa sun rabu, uwar tana fama da karatu da aure-aure, suna ta ƙaura. Akwai inda mijin uwar, wani mashayi, ya kai shi shagon aski aka sauke masa gashi ba tare da an tambaye shi ba. Daga baya uwar ta kwashe 'ya'yanta ta gudu, aka bar 'ya'yan mijin da suka shaƙu da su. A nan na ga ɗana ya sunkuyar da kai. Da aka gama ya rufe kwamfutar ya ce, "Umma, mu ma ranar da muka bar wancan gidan ba ki bari na yi wa kowa sallama ba." Ya tashi ya fita.

Yau kwana huɗu, gaisuwa kawai ke haɗa mu. In ɗauka rashin kunya ce in kai ƙara wajen kawunsa, ko in kira shi? In na kira shi, me zan ce?

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Ni fa na kalli fim ɗin nan, wallahi barci ya kwashe ni kafin a kai rabi. Ba faɗa, ba waƙa, ba boss, mutane na ta cin abinci suna surutu a mota. Amma ki ga yaro ya zauna awa uku kan irin wannan, ai ba nishaɗi ya kawo shi ba. Kada ki kai ƙara tukuna.

Ɗan Kallo:
Anti, bari in faɗa miki abin da ya sa fim ɗin ke kama wasu ya bar wasu. Richard Linklater da ya shirya shi bai canza 'yan wasa ba. Daga 2002 zuwa 2013 yake tara mutanen nan duk shekara a ɗauki 'yan kwanaki a watse, sai 2014 ya fito. Yaron da kika gani, Ellar Coltrane, da gaske a gaban kyamara ya girma, muryarsa ta buɗe, gemu ya tsiro. Yayarsa a fim ɗin kuwa 'yar Linklater ce ta cikinsa, Lorelei. Patricia Arquette da ta fito a uwa ita ta ɗauki Oscar, babbar kyautar finafinai ta Amurka, a 2015. Ko a can ra'ayi ya rabu, wasu sun ce ba abin da ke faruwa a ciki, wasu kuma, musamman iyaye, wurin da uwar ke kuka a kicin lokacin da yaron ke haɗa kaya zai tafi jami'a shi ya karya musu zuciya, don a nan ta ga rayuwarta ta ƙare a aure da saki da rainon yara. Ki lura, fim ɗin bai mai da uwar muguwa ba. Ita ce ta yi karatu har ta zama malamar jami'a ta riƙe su. Da zagi ɗanki yake nema, da ba wannan zai zaɓa ba.

Abu Sumayya:
Ni dai ban goyi bayan wannan zaman ba tun farko. Fim ne da ko a Amurka an sa masa alamar R, wato yaro ƙasa da 17 sai da babba, saboda ashar da giya da hirar samari da 'yan mata. Uwa da ɗa su zauna kan wannan? Sannan yau ya ga Bature na tuhumar uwarsa, shi ma ya kwaikwaya. Ki tsawata masa, hakkin uwa ba abin wasa ba ne.

Maman 'Yan Biyu:
Malam, gaskiyarka kan abin da ke cikin fim ɗin. Amma ina tuhumar? Bai ɗaga murya ba, jimla ɗaya ya faɗa ya fita.

Agolan Jiya:
Yaya, ni namiji ne, na haura arba'in, kuma agola na tashi. Ki bar ni in yi magana a madadin yaronki.

Ranar da auren mahaifiyata ya mutu ina makarantar allo. Na dawo na tarar da akori-kura a ƙofar gida an ɗaure gado da kwalla. Akwai ɗan mijin nata da muke kwana tabarma ɗaya shekara huɗu, muke cin tuwo kwano ɗaya. Yana wajen kiwo ranar. Ban sake ganinsa ba sai da muka yi gemu, a wajen wata jana'iza, muka gaisa kamar baƙi. Manya suna ganin saki tsakanin mutum biyu ne. Ba wanda ke lissafa cewa yaro ma an sake shi daga abokansa, da makarantarsa, da matar maƙwabta da ke ba shi ƙosai. Kuma ba ya da bakin tambaya, don da ya buɗe baki za a ce ba shi da tarbiyya.

Ban taɓa ganin laifin mahaifiyata ba, na san abin da ta gudo wa. Abin da na so kawai ta ce mini ta san na yi rashi. Har Allah ya karɓi abarsa ba mu yi maganar ba, ita kunya, ni kunya. Ɗanki ya fi ni dabara, ya samo Bature ya faɗa a madadinsa. In kika kai shi gaban kawu, kin rufe ƙofar, kuma bana zai tafi makaranta.

Hajiya Babba:
'Yata, ki ji ta Agola. Alkunyar ɗan fari al'adarmu ce, na yi ta ni ma, amma ba aya ba ce. Ga yadda za ki yi. Kada ki ce "zo zauna, ina da magana", zai ɗaure fuska ya ce ba komai. Ki sa shi aiki kusa da ke, ko tsintar shinkafa ko rakiya unguwa, yadda ba sai kun kalli juna ba. Ki ce, "Wa ka so ka yi wa sallama ranar?" Daga nan ki kama bakinki. Kada ki fara lissafa wahalar da kika sha, ya sani, a gabansa aka yi. Kada kuma ki zagi tsohon mijin ko mahaifinsa. In ya ambaci wani, ki taimaka masa ya nemo shi, yanzu da waya ba wuya. Ƙanwar ma ki tuna da ita, shirunta ba ya nufin ta manta.

Mai tambaya:
Na gode muku duka, har da Abu Sumayya, na karɓi gyaran. Jiya bayan isha'i na sa shi ya riƙe mini fitila ina gyaran wake, na yi tambayar yadda Hajiya ta ce. Ya daɗe bai amsa ba, har na zaci bai ji ba. Ashe ba ma ɗan gidan ba ne, wani tsoho ne mai gyaran keke a bakin layin, wanda ke ba shi aron keke kyauta ran Juma'a. Ni ko sanin mutumin ban yi ba. Ya ce yana so ya je ya duba ko yana raye. Na ba shi kuɗin mota, gobe zai tafi.