Kifayena tara sun mutu bayan na canza musu ruwa da na famfo: ina kuskuren yake?

Abu Hafsat:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin kiwon kifin ado, domin abin da ya same ni jiya ya ɗaure mini kai. Ina da tankin gilashi mai cin lita 100, wanda na shekara biyu ina kiwon ƙananan kifaye goma sha huɗu a cikinsa ba tare da wata matsala ba. A al'adata ina kwashe lita 15 duk bayan mako biyu, in maye gurbinta da ruwan famfo wanda ya kwana a bokiti. Sai dai wata rashin lafiya ta kwantar da ni kusan wata uku, kuma a tsawon wannan lokaci ba a canza ruwan ko sau ɗaya ba, illa ƙari da ake yi idan ya ragu.

Jiya da yamma da na ga ruwan ya koma rawaya, sai na ƙudurta yin wanki na gaske. Na kwashe wajen lita 80, na motsa tsakuwar ƙasa har datti ya tashi, na ciro soson matatar na wanke shi a bakin famfo sai da ruwan da ke fita daga cikinsa ya yi fari. Bokitan da na kwanar ba su wuce lita 40 ba, saboda haka ragowar na jona tiyo na zuba kai tsaye. Ba a yi awa guda ba sai na ga kifayen sun taru a saman ruwa suna ta buɗe baki, wasu suna fizgar jiki suna bugun gilashi, marfin kumatunsu yana motsi da sauri ƙwarai. Na kuma lura da ƙananan kumfa sun manne a jikin gilashin ko'ina. Kafin gari ya waye tara sun mutu, biyar ɗin da suka rage kuma suna kwance a kusurwa ba sa cin abinci. Ruwan da muke sha lafiya lau ne ya kashe su, ko kuwa wani abu na yi ba daidai ba? Me kuma zan yi wa waɗanda suka rage?

Ummu Khalil:

Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya ƙara lafiya, Ya kuma mayar da alheri. Saurin da abin ya yi shi ne babbar shaida a wurina. Cuta ba ta kashe kifi tara a dare ɗaya alhali jiya suna cikin ƙoshin lafiya, amma guba tana yi, kuma gubar da ta fi kusa a nan ita ce sinadarin kulorin da hukumomin ruwa ke zubawa domin kashe ƙwayoyin cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya miligiram 5 a kowace lita a matsayin iyakar da bai kamata ruwan sha ya wuce ba, tana kuma son a samu aƙalla miligiram 0.2 a inda ruwan ke isa ga mai sha. Mu wannan adadi ba ya cutar da mu, amma kifi ba shan ruwan kawai yake yi ba, a cikinsa yake numfashi. Jan naman nan da ke ƙarƙashin marfin kumatunsa fatarsa siririya ce ƙwarai domin iskar oksijin ta ratsa ta shiga jini, kuma kulorin yana ƙona ta, sai ta kumbura ta cika da yauƙi. Shi ya sa ka gan su a sama suna haki: iskar tana cikin ruwan, amma ba su da abin shaƙarta.

Ka yi lissafi da kanka. Idan ruwan tiyon nan yana ɗauke da miligiram 1 a lita, lita 40 a cikin tankin lita 100 ta ba ka miligiram 0.4 a kowace lita, kuma wannan ya isa ya kashe ƙananan kifaye cikin sa'o'i kaɗan.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci, wato ko ruwan da ya kwana a bokiti ba lallai ne ya zama lafiyayye ba. Kulorin zalla yana ficewa idan an bar ruwa a buɗe kwana ɗaya ko biyu, musamman idan ana hura masa iska. Amma hukumomin ruwa da yawa suna amfani da kuloramin, wanda haɗi ne na kulorin da amoniya (wani sinadari mai guba ga kifi), kuma sun zaɓe shi ne daidai saboda yana daɗewa a cikin bututu ba ya gushewa da wuri. Irin wannan ko mako guda ka bar shi a bokiti za ka tarar da shi yana nan. Maganinsa shi ne ruwan gyara da ake sayarwa don tankin kifi, wanda yawancinsa sinadarin sodiyam tayosalfet ne, yana kuma aiki cikin mintoci. Sai dai ka duba rubutun kwalbar da kyau, domin tayosalfet kaɗai yana raba kuloramin ne ya kashe ɓangaren kulorin, ya bar maka amoniya a ruwa; ka nemi wanda aka rubuta cewa yana ɗaure amoniya ma, wato yana hana ta cutar da kifi. Idan kuma wata rana dole ta sa za ka zuba da tiyo, sai ka fara sa maganin a tanki gwargwadon cikar tankin gaba ɗaya kafin ka buɗe famfo.

Malam Mai Tanki Uku:

Ban musa bayanin Hajiya ba, amma ina ganin wata ukun nan da aka yi ba a canza ruwa ba suna da hannu dumu-dumu a cikin lamarin, har ma ina zaton da ka sa maganin kulorin ɗin, da wuya ka tsira ba tare da asara ba.

Kifi yana fitar da amoniya, ruɓaɓɓen abinci ma haka. A cikin soson matata da jikin tsakuwa akwai bakteriya masu amfani, wasu suna mayar da amoniya naitirait, wasu kuma suna mayar da naitirait naitiret, wanda gubarsa ba ta kai ta biyun farko ba, amma galibi ba ya fita sai da canjin ruwa. Ƙarin ruwa ba ya rage shi, domin ruwa zalla ne ke tashi ya bi iska, dattin yana nan yana taruwa. Wannan aiki na bakteriya kuma yana cinye sinadarin kabonet da ke hana ruwa yin tsami, ta yadda idan aka daɗe, ma'aunin tsamin ruwa da ake kira pH, wanda ke raguwa idan tsami ya ƙaru, yakan sauka daga 7 da wani abu zuwa 6 ko ƙasa da haka. A irin wannan tsami su kansu bakteriyar suna raunana, amoniya ta fara taruwa, amma ba ta kashe kifin ba, saboda a ruwa mai tsami kusan dukanta tana cikin siffar amoniyam wadda ba ta ratsa jikin kifi da sauƙi. Kifayen kuma sun saba da wannan yanayi a hankali, shi ya sa mai tanki zai riƙa ganinsu suna iyo ya ɗauka komai lafiya.

To, rabon amoniya mai guba yana ninkuwa kusan sau goma duk lokacin da pH ya hau da maki ɗaya. A zafin digiri 25, a pH 6 bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba, a pH 7 ya ɗan haura rabin kashi ɗaya cikin ɗari, a pH 8 kuwa ya kai wajen kashi 5 cikin ɗari. Idan ruwan famfonka yana kusa da 8, tsohon ruwan kuma ba shi da sauran kabonet da zai yi turjiya, to cikin mintoci tankin ya tashi zuwa kusa da na famfo. Kwashe lita 80 da ka yi ya rage yawan amoniyar zuwa kashi ɗaya cikin biyar, amma rabon mai gubar ya ninku kusan sau ɗari, ga dattin da ka tayar daga tsakuwa, ga kuma jikin kifin da aka jefa daga wani irin ruwa zuwa wani dabam ba tare da shiri ba. Na taɓa yin irin wannan kuskure da wani tanki da na karɓa daga hannun wanda ya gaji da shi, kuma a lokacin na sa maganin kulorin daidai yadda aka rubuta, duk da haka na kwashe gawar kifi washegari. Tankin da aka daɗe ba a kula da shi ba, kashi 10 cikin ɗari ake canza masa kowace rana ko bayan kwana biyu, har ruwansa ya kusanci na famfo a hankali.

Abu Yasir:

Malamai sun yi bayanin dalili, ni zan tsaya a kan biyar ɗin da suka rage, domin haɗarin bai wuce ba tukuna. Yau ɗin nan ka sa maganin gyaran ruwa gwargwadon lita 100, ka ƙara hura iska, ko ka ɗaga bakin matatar yadda zai riƙa kaɗa saman ruwa. Ka kashe fitila, kada ka ba su abinci kwana biyu, ka kuma duba bayan duwatsu ko akwai gawar da ta maƙale. Kada ka sake wani babban canji da nufin gyara na jiya.

Abin da ya fi damuna shi ne soson da ka wanke a bakin famfo, domin wannan launin ƙasa-ƙasa da ka dage sai ya fita, a nan mafi yawan bakteriyar suke zaune. Ana matse soso ne sau biyu ko uku a cikin tsohon ruwan da aka kwaso daga tankin, a mayar da shi da sauran duhunsa. Yanzu tankinka ya koma kamar sabo, kuma sabon tanki yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin bakteriyarsa su kafu. Ka sayi kayan gwajin amoniya da naitirait da pH, ka riƙa gwadawa kullum, kuma duk ranar da ɗaya daga cikin biyun farko ya nuna wani abu sama da sifili, ka canza lita 20 da gyararren ruwa. Naitirait yakan taso ne bayan amoniya da mako ɗaya ko biyu, yana hana jini ɗaukar oksijin, saboda haka idan ka sake ganin haki a lokacin, shi za ka fara zargi. In kana da wanda tankinsa ke lafiya, ka roƙi ɗan guntun tsohon sosonsa ka cusa a matatarka, zai rage maka kwanaki da yawa.

Kumfar da ka gani a gilashi iska ce da ta narke a ruwan saboda matsin bututu, ta fito da ruwan ya samu sarari ya kuma ɗumama. Tana iya cutar da kifi idan ta yi yawa, tana kuma nuna mai yiwuwa ruwan tiyon ya fi na tankin sanyi. A gaba ka auna, kada bambancin ya wuce digiri ɗaya ko biyu.

Abu Hafsat:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na bi shawararku, kuma yau kwana uku ke nan. Ɗaya ya ƙara mutuwa a daren farko, huɗu sun fara yawo, biyu daga ciki har sun karɓi abinci da safen nan. Ruwan famfona ya nuna pH 7.8. Na samu takardar gwaji mai nuna kulorin iri biyu, na zalla da na jimla, na gwada ruwan da ya yi awa 24 a bokiti: na zalla bai nuna komai ba, na jimla kuwa ya nuna wajen miligiram 1. Amoniya a tanki tana miligiram 0.5 a lita, na canza lita 20 jiya. Abin da ban gane ba shi ne, idan kuloramin ne a ruwanmu, ta yaya na shekara biyu ina zuba shi ba tare da magani ba, kifi bai mutu ba?

Ummu Khalil:

Bambancin da ka gani tsakanin na zalla da na jimla shi ne kuloramin, Malam, babu shakka a kai. Game da shekara biyun, ko dai hukumar ruwanku ba ta daɗe da komawa kansa ba, ko ta ƙara yawansa, kamar yadda akan yi bayan gyaran bututu ko ruwan sama mai yawa, kuma wannan tambaya ce da za su iya amsa maka. Ko kuma yana nan tun farko, sai dai lita 15 a cikin 100 tana ba da miligiram 0.15 ne kawai, wanda dattin tankin da gawayin matata, in kana sa shi, suke rage ƙarfinsa kafin ya yi kisa. Ka tuna ko kana ganin kifayen suna goga jikinsu da duwatsu ko suna ɓuya na ɗan lokaci bayan kowane canji, domin in haka ne, sun daɗe suna jin zafinsa.

Abu ɗaya kuma game da gwajin amoniya: idan maganin da ka saya mai ɗaure ta ne, yawancin kayan gwaji za su ci gaba da nuna ta ko da an ɗaure, ɗaurin kuma na kwana ɗaya ne zuwa biyu, don haka ka ci gaba da canjin lita 20 ɗin kana sabunta maganin. Kada ka ƙaro kifi sai amoniya da naitirait sun tsaya a sifili mako guda cur, sannan ka fara da biyu ko uku.