Muhawara: Wai Black Mirror ya riga ya faru a cikin wayoyinmu?

Malamin lakkwal, Birni: Jama'ar fada, ni dai na tsaya a kan cewa Black Mirror, shirin talabijin na Birtaniya mai nuna illar fasahar zamani, ba almara ba ne. Ku duba kashin Fifteen Million Merits na 2011. Mutane na tuƙa keke duk yini don su tara maki, bangon ɗakinsu duk allo ne. Talla ta fito, in kana so ka tsallake ta sai an cire maka maki. Ka rufe ido, ƙara ta dame ka har sai ka buɗe. Yau YouTube ba ya barinka ka tsallake wasu tallace-tallace, sai dai ka biya kuɗin wata.

Mai gyaran waya, Kasuwar Dole: Malam, da girmanka, akwai bambanci. Can tilas ce, nan kana iya kifa wayar. Kuma a Damagaram wa ya kai kuran da forfe iko? Bidiyo mai ingancin hoto na 720p yana iya lashe kusan giga guda a awa. Forfe ya ƙare, ko kuran ya ɗauke batir ya mutu, magana ta ƙare.

Malamar kwamfuta, Zango: Ƙanena, ai inda ba a ga tilas nan ne abin tsoron. Dabarar tana cikin saitin da waya ke zuwa da shi. Kashi ya ƙare, wani ya fara da kansa cikin daƙiƙu kaɗan, kafin zuciya ta ce a tashi. Jerin TikTok kuma ba shi da ƙasa, babu inda hannu zai tsaya. Manhajar tana auna daƙiƙa nawa ka yi a kan kowane bidiyo da wanda ka maimaita, sai ta ƙaro maka irinsa. A 2017 shugaban Netflix na lokacin (kamfanin nuna finafinai ta intanet), Reed Hastings, da bakinsa ya ce barci ne abokin gasarsu. Ƙarewar forfe ba ta ceci kowa ba: yaro ya sake sayen wani da kuɗin karin kumallo.

Mai gyaran waya: Na yarda da wannan, Yaya, amma duk ana kashe su. A YouTube maɓallin ci gaba da kansa yana saman bidiyon, taɓawa ɗaya ne. A Android a shiga saiti, a nemi Digital Wellbeing, a sa wa kowace manhaja iyaka, misali minti 30. A kashe sanarwa, a bar ta kira da saƙo.

Malamar kwamfuta: Inda ake faɗuwa shi ne, mai wayar da ya sa iyakar shi ke cire ta da dare ya yi. Ga yara, sai an haɗa da Family Link, manhajar Google ta kula da wayar yara, ikon yana wayar uba ko uwa.

Malamin lakkwal: To wa ya shigo fada da wayar da aka saita haka? A miƙo mu gani.