Ƙaramar taraktata ba ta tashi idan ta ɗau zafi

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon iyayen gidana makanikai da manoman rani. Ina da ƙaramar taraktar huɗa, irin wadda ake bi a baya, mai silinda ɗaya, gas take sha, da hannu ake tayar da ita. A Kura nake, ina gyaran fadamar shinkafa.

Da sassafe ba ta da gardama, juyi kaɗan ta kama. Amma in ta yi aiki ta ɗau zafi na kashe ta don sallar azahar, to shi ke nan. Sai in yi ta juya hannun har kafaɗata ta yi tsami, in saki ɗan ƙarfen rage matsi, ta yi tari, ta fitar da farin hayaki mai warin gas, ta mutu. Sai ta huce sosai sannan ta yarda.

Na canza filtar mai, na fitar da iska daga bututun, na wanke filtar iska, ruwan sanyaya injin kuma cike yake. Wani makanike ya ce nozul ne, wato bakin da ke fesa mai cikin injin, wani ya ce ringi, wato zoben fistin da ke riƙe matsi, ya cinye. Ni dai ban gamsu da maganar ringi ba, don da shi ne, ai da safe za ta fi wahala. Ko tazarar bawul, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi, ce ke matsewa da zafi? Ko famfon injekta mai tura mai zuwa nozul ne ya gaji?

Don Allah me zan fara dubawa kafin a buɗe kan injin? Irin shinkafata ya isa dashe, ruwa kuma ba kullum ake sako mana ba. Allah ya saka da alheri.