Shawarwari ga Sababbin Shugabanni a Aikin Fasaha

Wasu masu rubuta manhaja da masu kula da intanet a ofisoshin Abuja sun zauna a Wuse kan matsala guda: ana ɗaga ƙwararre a ba shi shugabanci ba tare da an koya masa riƙon mutane ba.

Dattijon cikinsu ya ce ya kamata sabon shugaba ya daina ƙwace kwamfuta daga hannun yaransa. In manhaja ta tsaya, ya zauna kusa da mai aikin su bi matsalar tare, a rubuta abin da ya jawo ta, ba sunan mai laifi ba. Yaron da aka kunyata a gaban jama'a gobe zai ɓoye kuskurensa.

An fi daɗewa kan gajiya, kuma ni ma nan ne hankalina ya fi tsayawa. Wata baiwar Allah ta ce wanda ya baro Mararraba da ke wajen Abuja tun asuba, ya sha cunkoson motoci a Nyanya, bai kamata saƙon WhatsApp na ofis ya tashe shi tsakar dare ba. A raba aikin dare na jiran ko-ta-kwana bi da bi, wanda ya kwana aiki ya huta washegari. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa ƙonewa da aiki, wato matsananciyar gajiyar da aiki ke jawowa, matsala ce da ke tasowa daga wurin aiki, don haka ba ragwanci ba ne.

Wanda barci ya ƙaurace masa makonni, ya ga likita. Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023, kuma a zaman an roƙi shugabanni su ba da izinin zuwa asibiti ba tare da tone-tone ba.