Wane suna ya dace da CV a Hausa?

'Yan'uwa masu kishin harshe, ina so mu tsayar da magana ɗaya kan sunan takardar da mai neman aiki yake miƙawa, wadda bakinmu ya saba kira "sibi". Haruffan CV gajarta ce ta "curriculum vitae", kalmomin Latin da ke nufin tafarkin rayuwa. A Ingila haka ake kiranta, a Amurka kuwa gajeriyar takardar suna ce mata "résumé", kalmar da suka aro daga Faransanci, su bar CV ga doguwar da malaman jami'a suke rubutawa.

Da yawa suna fassara ta da "tarihin rayuwa", kuma a ganina wannan sunan yana cutar masu neman aiki. Wanda aka ce ya rubuta tarihinsa zai faro ne daga haihuwa. Na taɓa duba wa wani ƙanena tasa, shafi biyar cur, ya kawo sunan mahaifi da na kaka da wasannin da ya yi a firamare, amma shekara uku da ya yi yana riƙe da lissafin kuɗin wani kamfani, wato ainihin abin da ake nema, sai a shafi na huɗu na tsinto ta. Mai ɗaukar ma'aikata da ke da tulin takardu a gabansa ba zai kai can ba.

"Takardar neman aiki" kuma tana da mai ita, domin ita ce wasiƙar da ake haɗawa da CV a bayyana aikin da ake so.

Abin da ke cikin takardar shi ya kamata ya raɗa mata suna. Ana buɗe ta da cikakken suna da lambar waya da adireshin imel, sannan ayyukan da mutum ya yi, a faro da na baya-bayan nan, kowanne da sunan wurin da muƙamin da shekarun, tare da abin da ya cim ma a can. Daga nan sai karatu da shaidar da aka samu, da ƙwarewa irin ta kwamfuta ko harsuna. Duk wannan bai kamata ya wuce shafi biyu ba, kuma kowane layi hujja ce cewa mutum ya cancanci aikin.

Saboda haka nake ba da shawarar "takardar bayanin cancanta". Na so in taƙaita zuwa "takardar cancanta", sai na lura cewa jam'inta, "takardun cancanta", zai sa a zaci satifiket ake nufi, don haka kalmar "bayani" ta zama dole. Na kuma ƙi "kundi", domin kundi da kauri aka san shi.

Saura sunan mutanen da ake jerawa a ƙasan takardar don a tuntuɓe su. Na ji ana ce musu "masu lamuni", alhali mai lamuni shi ne wanda zai biya idan aka yi ɓarna, su kuwa tsohon shugaba ne ko malami da zai faɗi abin da ya sani game da aikin mutum da halinsa. Ni "masu ba da shaida" nake rubutawa, amma idan akwai mai kalmar da ta fi wannan zama daidai, ina roƙon ya kawo ta.