Shin takardar koyarwa tana da daraja wurin masu ɗaukar ma'aikatan lafiya?

Assalamu alaikum, magabata da abokan aiki. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata, domin al'amarin ya tsaya mini.

Ni ma'aikacin jinya ne a nan Damagaram, kuma bayan difuloma ta gwamnati na yi horon koyarwa na samu takardar shaida, sannan na koyar a wata makarantar lafiya mai zaman kanta. Ni nake raka ɗalibai ɗakin yara lokacin damina, sa'ad da zazzaɓin cizon sauro ya cika gadaje, ina nuna musu yadda ake neman jijiya a hannun yaro mai tamowa da yadda ake lissafin magani bisa nauyinsa. Amma da na ajiye takarduna a wata ƙungiyar agaji, sai aka ce mini shekarun koyarwa ba sa shiga lissafin ƙwarewa, na bakin gadon majinyaci kawai ake ƙirgawa. A ganina wannan hukunci bai dace ba, tunda hannuna bai taɓa barin aikin ba.

Shin haka dukkan ƙungiyoyi suke kallon lamarin, ko kuwa wurare irin Babban Asibitin Ƙasa na Zinder, inda ɗalibai suke koyon aiki, suna ba takardar muhimmanci? Kuma idan na karɓo shaidar manjo, wato shugaban ma'aikatan jinya na sashen da nake kai ɗalibai, za ta wadatar a matsayin hujjar aikin jinya, ko sai na koma aikin sa-kai a wani CSI, wato ƙaramar cibiyar kiwon lafiya, tukuna?