Zane biyu na jirgin katako sun tsaya min a rai, wanne zan fara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara uku ke nan ina burin haɗa jirgin ruwa na katako mai inji da hannuna, irin waɗanda kamfanin Chris-Craft ya yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1930, jajaye masu sheƙi, bayansu a zagaye kamar ganga. Yanzu na tsaya kan zane biyu na kamfanin Glen-L, mai sayar da zanen haɗa jiragen ruwa. Na farko Zip, ƙafa 14 da 'yan inci, na filawud, injinsa a baya ake rataya shi. Na biyu Barrelback mai ƙafa 19, wanda Ken Hankinson ya zana, injinsa a cikin jirgin yake. Gaskiya raina yana kan Barrelback. Sai dai ban taɓa haɗa jirgi ba, iyakacina tebur da kabad da ƙofa. Garejina ƙafa 22 ne, lokacina kuma Asabar da Lahadi kawai. Ku taimaka min da shawara.

Wanda ya taɓa haɗa biyu: Wa alaikumus salam. Malam, fara da tef ɗin awo. Jirgi mai ƙafa 19 a gareji mai ƙafa 22, saura ƙafa uku ka raba gaba da baya. Ina za ka tsaya ka yi aikin hancinsa? Ina za ka ajiye falankan da suka fi jirgin tsawo? Kuma a kife ake gina gangar jikin jirgin, daga baya a tara mutane a juya ta, wannan ma sai da fili. Ka auna faɗin ƙofa tun yanzu.

Sannan wannan zagayen da ya burge ka, nan aikin yake. Filawud gefe ɗaya yake lanƙwasuwa, shi ya sa ake zana Zip yadda babban falle zai kwanta a kan haƙarƙarin jirgin ba gardama. Jikin Barrelback ya lanƙwasa ta fuska biyu, dole ka yanka siraran katako ka jera su a karkace, ka shafa gam ɗin ifoksi, ka ɗora wani layi a gicciye, na ƙarshe ya zama jan katakon mahogani a miƙe. Kowane tsinke sai ka gyara bakinsa ya haɗu da ɗan'uwansa, kowane layi sai ka goge shi sumul kafin na gaba. Idan ka bar tudu a layin farko, zai fito ɓaro-ɓaro ranar da ka shafa banish. Ni dai Zip nake ba ka shawara.

Makanikin inji: Ina goyon bayansa, amma ta ɓangarena. Injin waje noti kaɗan ne a bangon baya, ka ja wayar sitiyari da ta giya, shi ke nan. Na ciki kuwa sai ka huda ƙashin bayan jirgin, wato dogon katakon da ke tsakiyar ƙasansa, a kan daidai kusurwar da zane ya ce, don sandar farfela ta wuce, ka daidaita ta da injin. Ta kauce kaɗan, jirgi ya dinga rawa yana cin biyarin. Ga salansa, ga bututun ruwan sanyaya inji, ga fankar da ke fitar da tururin fetur kafin ka tayar. Wannan fankar ba a wasa da ita, tururin ƙasa yake kwanciya, tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Wata 'yar'uwa: Ni ban yarda gaba ɗaya ba. Ni da maigidana mun fara da ƙaramin da ba mu so, don an ce ya fi sauƙi, ya yi shekara biyu a rufe da tamfol saboda ba wanda ke ɗokin ganinsa a ruwa. Aikin da zai ci maka ƙarshen mako na shekaru, sai kana ƙaunarsa za ka jure guga da samfefa. Idan Zip kake so ka yi, to ka yi masa saman mahogani da fararen layuka a tsakanin falankan, yadda zai ba ka kamannin da kake mafarki. Idan ka ji ranka bai kwanta ba, ka nemi wuri mafi girma ka yi Barrelback ɗinka.

Kafinta: Kowanne ka zaɓa, ka tabbata zanen ya zo da samfurin yankan haƙarƙari a cikakken girmansu, Glen-L suna bayarwa. In babu, sai ka zana jirgin gaba ɗaya a ƙasa daga jadawalin lambobin awo. Filawud ka nemi na ruwa mai hatimin BS 1088, wato ma'aunin ingancinsa na Birtaniya, sukurori na tagulla, na ƙarfe tsatsa suke yi. Mahoganin Honduras yana ƙarƙashin dokar CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin itatuwa da dabbobin da ake gudun ƙarewarsu, tun 2003, samunsa da wuya. Sapele ko khaya, dangin maɗaci, suna yin aikin. Ka sa safar hannu duk lokacin da za ka taɓa ifoksi, idan fata ta fara ƙinsa ba ta dainawa. Rana kuma tana cinye shi, sai an rufe shi da banish.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na je na auna: tsawon ƙafa 22 ne, amma bencin aikina ya cinye biyu, ban lissafa shi ba. Zip zan saya, da saman mahogani kamar yadda Hajiya ta ce. Malam kafinta, sapele da khaya, wanne ya fi lanƙwasuwa ba tare da ya tsage ba?